Tseren Mota A Kan Katako

Da hutun da ya wuce na sauka wurin kawuna a Agege. Ran da zan komo, muna zaune a tashar Ojota muna jiran mota ta cika, sai na ji direbobi biyu suna gardama, kowa yana cewa shi ya fi wuta a hanyar Ibadan. Wannan ya tuna mini da wani labari da na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai.

A Amurka, sa'ad da motoci ke sababbi, filayen tsere duk ƙura ce da ramuka. Sai wani mutumin Ingila, Jack Prince, wanda dā tseren keke ne sana'arsa, ya gina fage da katako zalla kusa da Los Angeles cikin 1910. Kewayensa mil ɗaya. Aka jera katakai aka buga ƙusa, aka karkata fagen kamar cikin akushi, don mota ta sha kwana ba ta rage gudu ba. Garuruwa da yawa suka kwaikwaya. Cikin 1927 Frank Lockhart ya zaga irin wannan fage kusa da Atlantic City da gudun mil 147 a sa'a guda.

To, amma katako ba ya shiri da rana da ruwan sama. Bayan 'yan shekaru sai ya ruɓe, ya tsattsage. Tayar motar gaba takan fizgo sartse ta watsa wa na baya a fuska, shi kuwa hular fata kaɗai ke kansa. In mai ya zuba, ga santsi. Har kafintoci sukan shiga ƙarƙashi suna toshe rami ana tsakiyar tsere. Ni dai ko nawa za a biya ni, ba na wannan aiki!

'Yan kallo ma ba su tsira ba, domin a bakin fagen daga sama suke zama. A Newark cikin 1912 babur ya ƙwace wa Eddie Hasha ya faɗa cikinsu, ya mutu tare da mutane da dama. Gaston Chevrolet ya rasu a fagen Beverly Hills cikin 1920. Fagen Altoona kuwa ya ci gwanaye uku waɗanda kowannensu ya taɓa cinye babban tseren Indianapolis, watau Howdy Wilcox a 1923, Joe Boyer a 1924, da Ray Keech a 1929.

Duk da haka kuɗin gyara ne ya fi kashe wasan. Da karayar tattalin arziki ta auko a 1929, masu fagagen suka kasa sayen sabon katako. Aka daina tsere a Altoona cikin 1931.