Ɗigo Nawa a Minti? Shiri na Musamman Kan Lissafin Ƙarin Ruwa



Mutumin Salaga ba a koya masa darajar ruwa. Garin da ya yi suna da yawan rijiyoyi tun zamanin fataken goro, amma rani na tsayawa sai ka ga mata da jarkoki suna yawon nema. To ruwan da za mu taɓa yau ba na rijiya ba ne. Wanda ake ratayewa a gefen gadon asibiti ne, yana sauka ɗigo-ɗigo cikin jijiyar marar lafiya.

Shirin na ɗalibanmu ne na aikin jinya: na kwalejin Kpembe da ke gefen Salaga, da na kwalejin kiwon lafiya ta Yendi, da na makarantar Presbyterian ta Bawku. Ku ɗauko biro da takarda. Ke kuma Hajiya da ke zaman jinya, kada ki murɗa rediyon, akwai naki a gaba.

Tambayar guda ce: ledar ƙarin ruwa, ƙarfe nawa za ta ƙare?

Mu fara da mai sauƙi. Likita ya rubuta mililita 1000, a ba da 125 kowace awa. Raba 1000 da 125, ka sami awa 8. An wuce wurin.

Ga inda ake faɗuwa. Mililita 500, a ba da 80 kowace awa. Na'urar lissafi za ta nuna maka 6.25. Sai ɗalibi ya yi caraf ya rubuta awa 6 da minti 25. A'a, ɗan'uwa! Awa ba sidi ba ce da za a ce fesuwa 100 ke cikinta. Minti 60 ne. Wannan 0.25 rubu'in awa ne, ka ninka shi sau 60 ya ba ka minti 15. Idan an sa ruwan ƙarfe 9:40 na dare, zai ƙare 3:55, gab da asuba. Wani zai ce minti 10 kacal, me zai yi? A jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Ghana zai ci maka maki, a ɗakin marasa lafiya kuma zai koya maka sakaci.

Duk wannan lissafin mai injin tura ruwa ne, wanda ake danna wa lamba ya yi aikin da kansa. Amma ba kowane gado ke da shi ba, kuma ko yana nan, ranar da aka ɗauke wuta batirinsa ya mutu, sai a koma ga ido da agogo. A nan ne ake gane nas.

Kafin ka yage ledar da igiyar ƙarin ruwa ke ciki, karanta abin da aka rubuta a jikinta. Akwai lambar da ke faɗa maka ɗigo nawa ke cika mililita ɗaya. Igiyar manya galibi 20 ce. Ta ƙarin jini sau da yawa 15. Ta ƙananan yara, mai siririn ɗigo, 60. Da ka san lambar, ninka yawan ruwan da ita, ka sami jimlar ɗigon da ke cikin leda. Raba jimlar da ɗigon da ke sauka a minti, ka sami mintocin da suka rage.

Mu gwada. Kin karɓi aikin dare, kin tarar da mililita 300 a leda, kin ƙirga ɗigo 25 a minti, igiya mai 20. Wato 300 sau 20, ɗigo 6000. Raba da 25, minti 240, awa 4 ke nan. Yanzu a ce igiyar mai 60 ce. Leda ɗaya, ɗigo 25 ɗin dai, amma amsar ta zama minti 720, awa 12 cur.

Juya misalin ki ga inda haɗarin yake. An rubuta wa yaro mililita 40 a awa. A igiyar yara ɗigo 40 ne a minti, domin a wannan igiyar lambobin biyu kullum daidai suke. In aka yi kuskure aka saita ɗigo 40 a igiyar manya, yaron na karɓar 120 a awa, ninki uku. Ruwan ya fi ƙarfin zuciya, ya taru a huhu, numfashi ya fara sama-sama. Yaro mai tamowa ko mai ƙarancin jini shi ya fi saurin faɗawa. Haka ma kwinin na zazzaɓin cizon sauro, in an sa shi a ruwa, ana jan sa awa 4, ba a yi masa gaggawa.

Ga dabarar da tsofaffin hannu ke amfani da ita: a igiya mai 20, raba mililitan awa da 3. Mililita 125 a awa ya zama ɗigo 42 a minti, wato 10 ko 11 cikin sakan 15. A mai 15 kuwa, raba da 4.

Ni dai a ganina, wanda ya iya wannan a takarda rabin aikin ya iya. Ruwa ba ya zama yadda ka bar shi. Marar lafiya ya lanƙwasa hannu, ya rage gudu. An ɗaga ledar sama, ya ƙara. Allura ta goce daga jijiya, hannu ya kumbura. Don haka ka manna filasta a jikin ledar, ka ja layi inda ruwan ya kamata ya kai kowace awa, ka rubuta lokacin sawa da na ƙarewa, ka riƙa dawowa kana dubawa. In ka tarar ya yi jinkiri, kada ka sake shi da gudu don ka cike giɓi. Sake lissafi, ka sanar da na gaba da kai.

Yanzu naku, iyaye da 'yan'uwa masu zaman jinya a asibitocin Salaga da Yendi da Bawku. Mun san gajiya, mun san ana son a sallame ku da wuri. Amma 'yar tayar nan ta roba da ke jikin igiya, don Allah kada ku murza ta wai ruwa ya ƙare da sauri. Ƙirga shi aka yi. In kun ga ya tsaya, ko yana zuba kamar famfo, ko hannu ya kumbura, ko leda ta kusa ƙarewa, ku tashi ku kira nas, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A huta lafiya.