Me ya bambanta cocin Baptis da sauran coci-coci?

Bahaushen da ke kasuwanci a Ama Hausa ta Inugu, ko a Onica da Fatakwal, ya fi ganin Katolika da Angilika, don haka yakan ɗauka duk coci tafiyarsu ɗaya. Ta Baptis daban take, domin a can jama'a ke riƙe da iko. Ba su da bishop. Membobi ke zaɓar fasto, su duba kuɗin baiko, su yanke shawara a taro. Ba sa yi wa jariri baftisma, sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya.

Wasu na cewa tsarin da babu babba a sama rarrabuwa yake kawowa. Amma tun 1914 yawancin coci-cocin Baptis na Najeriya suke ƙarƙashin ƙungiya ɗaya mai hedikwata a Ibadan, shekaru 64 bayan zuwan ɗan mishan Thomas Bowen daga Amurka. Masu cewa an bar yara a baya saboda ba a yi musu baftisma kuwa, su duba tsarin mako: Lahadi da safe ana fara karatun Littafi Mai Tsarki aji-aji kafin sujada, Laraba taron addu'a, mata da samari kowa da zumuntarsa. Yaron da aka jira ya girma, ana koyar da shi tun yana ƙarami.