LIFIDI DA SULKEN ZAMANI: HAƊA KAYAN YAƘI NA ADO A GIDA

Gabatarwa

A finafinan ƙagaggun labaran kimiyya, watau waɗanda ake ginawa a kan taurari da zamanin da bai zo ba tukuna, da wuya a ga jarumi ba tare da wata irin rigar ƙarfe ba. Tun daga fim ɗin Star Wars na 1977, mai sojoji cikin fararen kaya, har zuwa Iron Man na 2008, waɗannan riguna sun shiga ran matasa, har ta kai a Amurka da Jafan akwai masu zama a gida su ƙera irinsu da hannu, su sa su fita taro. Kayan nan na ado ne da wasa, ko kibiya ba su tarewa balle harsashi. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, matsalolin da mai haɗa irin wannan sulke yake fama da su, watau nauyi da motsi da zafi, su ne waɗanda maɗinkan lifidi suka sha fama da su tun kaka da kakanni. Saboda haka matashin Gwandu ko Kalgo da ya yi sha'awar wannan aiki yana da malamai a ƙofar gidansa.

Lifidi a Tarihi

Lifidi kayan yaƙi ne da ake ɗinkawa da ƙyalle ninki biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, sa'an nan a bi da ɗinki layi-layi domin kada abin da aka cusa ya dunƙule wuri guda. Akan yi wa mahayi, akan kuma yi wa dokinsa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji (1390-1410) shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano. Sulke, wanda ƙananan zobban ƙarfe ne da aka sarƙa, yana da tsada ƙwarai, don haka sai sarakuna da manyan barade. Shi kuwa lifidi ɗan gida ne, domin audugarsa da saƙarsa da ɗinkinsa duk a ƙasar ake yin su.

Tarihin Gwandu ma yana da abin faɗi a nan. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya jagoranci jama'ar Shehu, waɗanda yawancinsu 'yan baka ne masu tafiya a ƙasa. Sarkin Gobir Yunfa kuwa ya zo da dawaki masu lifidi, amma duk da haka aka ci shi da yaƙi. A 1805 Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, a 1812 kuma aka danƙa masa yammacin daula, sashen da Gwandu ta zama cibiyarsa. Daga baya masu jihadi su ma suka riƙi lifidi. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a fagen fama a 1826, ya ba da labarin cewa saboda nauyin kayan, sai an taimaka wa ɗan lifidi kafin ya hau doki. Bayan zuwan Turawa a 1903 yaƙe-yaƙe suka ƙare, lifidi ya koma kayan hawan salla. Ashe ke nan shi kansa lifidi ya riga ya bi hanyar da muke magana a kanta, daga fagen daga zuwa fagen kallo.

Awo da Kayan Aiki

Aikin yakan fara ne da awo, kamar kowane ɗinki. Masu wannan sana'a sukan naɗe jikin mai sa kayan da leda, su bi ta da salatif, su zana fasalin da suke so a kai, sa'an nan su yanke a hankali su shimfiɗa. Wannan shi ne ma'auni. Wanda bai da halin haka, takardar buhun siminti ta ishe shi. Muhimmin abu dai shi ne a gwada ma'aunin a jiki kafin a taɓa kayan gaske, domin abin da aka yanke ba ya komawa.

Abin da aka fi amfani da shi a yau shi ne wani soso mai tauri, irin wanda ake yin silifa da shi. Ba shi da nauyi, reza tana yanka shi, in kuma aka ɗan gasa shi sama-sama yakan lanƙwashe ya tsaya yadda aka so. Kwali ma yana yi, sai dai ba ya jure ruwa da gumi. Ana haɗa gutsattsarin da gam irin na masu gyaran takalma. Kafin a shafa fenti sai a fara shafa farin gam na kafintoci sau biyu ko uku, domin soso yana shanye fenti. Wajibi ne a yi wannan aiki a tsakar gida inda iska take kaɗawa, nesa da murhu, saboda tururin gam yana hawa kai, yana kuma kama wuta.

Darussa Uku Daga Lifidi

Darasi na farko shi ne na motsi. Ba a ɗinka lifidi dunƙule guda. Akwai bantan lifidi mai kare ƙugu da mara, akwai safa ta ƙirji da baya, akwai kwalkwali na kai. An rarraba shi ne domin mahayi ya iya juyawa ya ɗaga mashi. Haka ya kamata a yi wa sulken wasa: na ƙirji daban, na kafaɗa daban, na damtse da na ƙwauri daban, a bar hammata da gwiwar hannu da bayan gwiwa ba komai sai ƙyalle. Mai haɗawa ya gwada zama da durƙuso da kai hannu baki. In ɗaya ya gagara, to, awo bai yi ba.

Na biyu shi ne na nauyi. Kayan da aka rataya wa wuya ko aka ɗaure a damtse kawai sukan zame, su kuma gajiyar da mutum tun ba a je ko'ina ba. Dabara ita ce a fara yin maɗauri da zai zauna a kan kafaɗu da ƙugu, sa'an nan a rataya sauran kaya a jikinsa. A nan aikin dukawa yake shigowa, domin wanda ya saba ɗinka linzami da majanyi ya san inda fata take ɗaukar nauyi da inda take tsinkewa.

Na uku, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne na zafi. A ƙasar Gwandu zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, soso kuwa ba ya shan gumi, ba ya barin iska ta ratsa. Don haka a sa rigar auduga a ciki, a huda ƙananan kafofi a wuraren da ido ba ya gani, a riƙa tuɓewa ana hutawa ana shan ruwa. Kwalkwalin Bahaushe yakan bar fuska a buɗe, na fim kuwa yakan rufe ta ruf. Wanda zai kwaikwayi na fim ya faɗaɗa kafar ido, ya bar mashigar iska a ƙarƙashin haɓa, kuma kada a bar ƙaramin yaro da shi ba babba a kusa. Lokacin hunturu shi ne ya fi dacewa da sa irin waɗannan kaya.

Kammalawa

Haɗa kayan wasa a gida tsohuwar al'ada ce a wurinmu, domin a tashen watan azumi yara sukan yi gemun auduga su fito a matsayin tsofaffi. Abin da ya rage shi ne inda za a ɗauko fasali. A fim ɗin Black Panther na 2018, Ruth E. Carter ta duba tufafin al'ummomin Afirka, har da na Buzaye, ta tsara kayan 'yan wasa, aka kuma ba ta lambar yabo ta Oscar a 2019. In har wannan ya yiwu, babu abin da zai hana matashin Kalgo ya gina sulkensa a kan layukan lifidi da kwalkwali mai gashin jimina.

Mu ɗaliban Hausa kuwa namu aikin daban ne. Kalmomi irin su safa da kumakumi da kutufani da kunkeli suna cikin ƙamus, amma ƙamus ba ya nuna faɗin layin ɗinki ko yawan audugar da ake cusawa. Wannan ilimi yana hannun tsofaffin maɗinka da dukawa da masu kula da dawakin fada. Ya kamata mai neman batun kundin digiri ya je ya zauna da su, ya rubuta sunan kowane yanki da yadda ake ɗinka shi tun suna da ƙarfin nunawa. Da ma Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.