Ko Kun Sani? Kiɗan Progressive Metal Ma Yana Da Karin Harshe

Waƙar "The Dance of Eternity" ta ƙungiyar Dream Theater ta Amurka, wadda ta fito a 1999, tana sauya ma'aunin kiɗa fiye da sau 100 cikin mintuna shida kacal. Ba mamaki, don a makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston waɗanda suka kafa ƙungiyar suka haɗu a 1985. Ƙungiyar Meshuggah ta Suwidin kuwa takan riƙe ma'auni guda, hannun makaɗi na bin huɗu-huɗu, ƙafafunsa da jita na zagaye da wani lissafi daban. Wani zai ce ai baiwar mutum ce, ƙasa ba ruwanta. To, amma kunne yakan bi abin da ya taso yana ji: Angra ta Burazil ta cika faifanta Holy Land na 1996 da gangunan ƙasarta, Myrath ta Tunisiya kuma da karin waƙar Larabawa take rerawa.