Falke Ya Duba Haƙorin Sa, Shi Wa Ya Duba Shi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Damazin ya san yadda muke da dabba. Kafin a faɗi kuɗi sai an buɗe bakin sa an dubi haƙora, an taɓa tozo, an sa yaro ya kora shi a ga tafiyarsa. Amma ka tambayi falken yaushe rabon da a auna jininsa, sai ya yi dariya ya ce ai shi garau yake.

To 'yan'uwa, hawan jini ba ya sallama. Mutum zai shekara goma da shi, babu jiri babu ciwon kai, alhali yana ta lalata jijiyoyi, yana gajiyar da zuciya da ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a rahotonta na 2023, manya wajen biliyan 1.3 ke ɗauke da shi, kusan rabinsu kuwa ba su sani ba. Awo kaɗai ke tona shi. In ya kai 140 bisa 90 ko ya zarce, a ranaku daban-daban, to ya shigo gida.

Dalilin kawo zancen a nan shi ne sana'armu ta amana ce. Yawancin bashinmu a ka yake, ba a takarda ba. Ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da maigida, baki ya karkace, shi ke nan. Wa zai faɗi wanda ya karɓi bijimai bakwai a Sinnar bai cika kuɗi ba? Wa zai tuna la'adar dillali? Iyali su shiga jinya, abokan ciniki su shiga rantsuwa.

Ciwon kuwa ba a rumfar tsofaffi yake farawa ba. Tun a hanya ake shuka shi, wajen samarinmu masu kora. Dubi abincinsu. Agashe dai namu ne, mutanenmu suka koya wa Sudan shi, ba kuma cewa muke a daina ba, amma yajinsa gishiri ne da magi tsababa. Gishirin da aka yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin miya da burodi. Kanwa ma ƙanwar gishiri ce a wannan lissafi. Ga shayi da jabana, sukari kamar ba saye ake ba, ga tumbak a leɓe, ga ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ake haɗiya kamar gyaɗa, su ma suna ɗaga jini. Muddin yaro na tafiya a ƙasa, jikin na ɗan jurewa. Ran da ya zama maigida ya koma kan kujera, tumbi ya fito, cin kuma bai ragu ba, sai abin ya yi tsiro.

Kada a ce ai akwai magani. Mun ga abin da ya faru tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, Sinja ta biyo baya a 2024, hanya ta yanke, Damazin ta shiga ƙuncin magani. Ƙwayar hawan jini kuwa kullum ake shan ta, ba sai an ji ciwo ba.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce a sayi na'urar awo mai batir, kuɗinta bai kai na ɗan akuya ba, a ajiye a ofishin kara. Kowane maigida ya kawo yaransa, musamman wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon. A zauna minti 5 kafin awo, kada a sha jabana ko taba na rabin awa. Wanda nasa ya hau, ya ga likita kafin ya sake tsallakawa Habasha, ya kuma riƙe maganin da zai ishe shi zuwa da dawowa.