Kafin katafila ta isa shataletale

A watan Yunin 2023 gwamnatin Kano ta rushe shataletalen da ke ƙofar Gidan Gwamnati, wanda Kaltume Gana ta zana, aka gina shi a 2017 don cikar jihar shekara 50. Hukuma ta ce ginin yana tare wa mutane gani, yana kuma da hatsari ga tsaro. Da surutu ya yi yawa, sai aka yi alkawarin gina irinsa a Na'ibawa. Ko hujjar ta karɓu ko ba ta karɓu ba, an sa na baya a gaba, domin sai bayan rusau aka zauna da mai aikin.

Batun ya shafi Garwa ta Kamaru ma. An gyara titunan birnin gabanin gasar kofin Afirka da aka yi a 2022, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Roumdé Adjia, kuma duk adon da ke tsaye a mahaɗa, a Poumpoumré ne ko a Yelwa, wata rana faɗaɗa titi zai zo kansa. Magajin gari yana da ikon kawar da shi, babu gardama. Abin da ya kamata ya biyo bayan ikon shi ne rubutacciyar ƙa'ida: a sanar da mai aikin da wuri, a ba shi zaɓin kwashe abinsa ko amincewa da sabon wuri, rusau ya zo a ƙarshe.

Za a ce kuɗin jama'a aka biya, saboda haka kayan na gari ne. Ƙarfen da simintin na gari ne, gaskiya. Amma dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta Disambar 2000, kamar yarjejeniyar Berne, ta bar wa mai fasaha haƙƙin a ambaci sunansa, kada kuma a lalata masa aiki, ko da ya sayar. Amurkawa sai da suka sha rigima suka gane: a 1989 aka tumɓuke katangar ƙarfe ta Richard Serra daga wani dandali a New York bayan doguwar shari'a, a 1990 kuma suka yi dokar da ta ba mai aiki wa'adin kwana 90 ya kwashe aikinsa daga jikin gini. Akwai kuma masu cewa tulin siminti ba ya komawa hannun kowa. Wannan hujja ta fi ƙarfi, amma amsarta tana cikin kwangila: tun ranar sa hannu a rubuta shekarun da aikin zai tsaya, wanda zai riƙa gyara shi, da abin da za a ajiye idan an rushe, ko da zane da hotuna ne.

Wa'adi yana kuma kare gari daga gaggawarsa. Lokacin da Joseph-Francis Sumégné ya kafa La Nouvelle Liberté da tarkacen ƙarfe a shataletalen Deido a 1996, mutanen Duwala da dama sun ƙi shi ƙiri-ƙiri. Yau da shi ake gane birnin. A arewacin Kamaru, inda malamai da jama'a ba sa maraba da mutum-mutumi, ƙorafi zai iya tasowa da sauri fiye da haka, kuma ba laifi ba ne a saurare shi. Idan akwai ƙa'ida, mai ƙorafi ya san ofishin da zai kai kukansa, mai aiki kuma ya san kwana nawa gare shi ya nemo mota.