Azumin Kwana Arba'in: Yadda Kiristoci Ke Gano Gumakan Zamani

Kowace shekara idan Larabar Toka ta zo, majami'un Katolika da wasu na Anglikan da Lutaran, daga Kaduna zuwa Jos har Numan, kan cika tun da sassafe. Masu ibada su yi layi, Fada ko fasto ya shafa wa kowa toka a goshi da alamar gicciye. Tokar kuwa ta ganyayen da aka ɗaga ne ranar Lahadin Dabino ta bara, aka adana su aka ƙone. Da wannan ake buɗe lokacin tuba da ake kira Lent, kwana 40 kafin Ista idan an cire ranakun Lahadi, don tunawa da azumin da Yesu Almasihu ya yi a jeji.

Al'adar ta daɗe, domin tun a taron bishof-bishof na Nikiya a shekarar 325 an ambaci waɗannan kwanaki. A ƙa'idar Katolika, mai shekara 18 zuwa 59 zai yi azumi ranar Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau, kuma daga shekara 14 ake ƙaurace wa nama a ranakun Jumma'ar lokacin. Sai dai wa'azin da ake ji a waɗannan makonni ya wuce zancen tuwo da nama. Sau da yawa yana komawa ne kan doka ta farko cikin Dokoki Goma, wadda ta hana bautar wani abu ban da Allah.

Wanda bai taɓa durƙusa wa sassaƙen itace ba, zai iya cewa wannan doka ba da shi take ba. Masu wa'azi kan tuna masa da labarin da ke littafin Fitowa sura 32. Musa ya daɗe a kan dutse, jama'a suka ƙosa, suka cire 'yan kunnensu na zinariya suka miƙa wa Haruna, ya narkar ya ƙera musu ɗan maraƙi. Zinariyar nan tasu ce, ba ta da laifi sa'ad da take kunnuwansu. Ta zama gunki ne a ranar da tsoro da rashin haƙuri suka sa aka ɗora mata begen da ya kamata a ɗora wa Allah. Martin Luther ya koyar da hakan a babban littafinsa na katekisim a 1529: duk abin da zuciyar mutum ta jingina da shi ta dogara gare shi, shi ne allahnsa. Manzo Bulus kuwa tun a wasiƙarsa ga Kolosiyawa ya lissafa kwaɗayi a matsayin bautar gumaka.

Shi ya sa kuɗi ke kan gaba. A wasiƙarsa ta 2013 mai suna Evangelii Gaudium, Fafaroma Francis ya ce bautar ɗan maraƙin zinariya ta dawo da sabuwar fuska, wato bautar kuɗi. 'Yan Najeriya ba sa bukatar dogon bayani. A watan Disambar 2016 shirin nan na MMM, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya rufe asusun jama'a, kuma hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce mutane kimanin miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi tun kafin hakan, amma wanda ya riga ya ba da gaskiya ba ya jin kira. Cacar ƙwallon ƙafa da ke cinye albashin matasa a yau tana tafiya ne a kan wannan bege, cewa gobe takarda ɗaya za ta kawar da talauci.

Gunki na biyu yana cikin aljihu. A 2009 shugabannin cocin Modena a Italiya sun roƙi matasa su daina tura saƙon waya a ranakun Jumma'ar azumin. A 2017 Fafaroma Francis ya tambayi jama'a abin da zai faru da a ce suna duba Littafi Mai Tsarki kamar yadda suke duba wayoyinsu, sannan ranar Larabar Toka ta 2020 ya ce lokaci ne na kashe talabijin da ajiye waya. Akwai kuma gumakan da ba a riƙe su a hannu: neman suna, mulki, fifita ƙabila, har da ɗaukar wani "bawan Allah" a matsayin wanda ba ya kuskure. Mulkin duniya ma yana cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi wa Yesu tayi a jeji, bisa sharaɗin ya yi masa sujada.

To, ta yaya mutum zai gane nasa? Nan ne amfanin azumin yake. Wanda ya bar shan lemo na mako shida bai ji komai ba, to lemo ba matsalarsa ba ce. Wanda kuma ya ajiye Facebook yini ɗaya ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya sami amsa. Masu ba da shawara a coci kan ce mutum ya duba inda kuɗinsa da lokacinsa ke tafiya, da abin da yake yi wa ƙarya don ya kare shi, da abin da idan ya rasa zai ga rayuwa ta ƙare.

Ganewa kaɗai ba ta isa ba. Koyarwar cocin ta haɗa azumi da addu'a da sadaka, yadda lokacin da aka ƙwato daga waya zai koma ga ibada da iyali, kuɗin da aka hana wa caca kuma ya isa hannun gwauruwa ko mara lafiya. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, wanda tubarsa ta zo da lissafi: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Saboda haka a makonnin ƙarshe na azumin majami'un Katolika kan ƙara lokutan furta zunubi, kuma wanda ya ci haƙƙin wani ana umartarsa ya mayar wa mai shi.